Kacau-kacau

Tsohuwar Volvo ce, ta girmi 'yata da shekara tara.
A Keighley na saye ta, hannun Misis Holroyd,
wadda ta ce marigayi mijinta bai taɓa zagin motar nan ba.
Cikin wata uku na rama masa.

Ba ƙin tashi take yi ba.
Da shi ne, da na san abokin faɗana.
Kana murɗa makulli ta amsa,
ta haye tudun Bradford ba tari ba atishawa,
sai an shiga tsakiyar shataletale, mota gaba mota baya,
ta yi ɗif.
Sitiyari ya sandare, jajayen fitilu su zuba min ido,
na bayana ya danne oda
kamar da gangan na yi don in ɓata masa safiya.
In sake murɗawa, ta tashi. Ko a jikinta.

Na kai ta wurin Tadeusz, bakaniken bayan tashar jirgi.
Ya kasa kunne ga silo, ya jona mata na'ura,
ya ɗaga kafaɗa ya ce,
ciwon da ke ɓuya in ya ga likita, wane magani za a rubuta masa?
Muka canza fulogi. Fam arba'in.
Kwana huɗu lafiya lau, ran na biyar ta mace a danja.
Muka canza matatar mai.
Muka kankare kan batir har ya yi ƙyalli.
Sai kwayil. Sai famfon mai, na hannu,
daga cikin wata da ta riga ta gidan gaskiya.
Kuɗin kwana shida na aikin dare
suka bi ta ƙarƙashin bonet, ba su yi sallama ba.

Rumasa'u ce ta gaji da makara.
Ta juya littafin lissafinta ta baya, ta ja layi:
Talata, ana ruwa, kwanar hagu.
Alhamis, rana, ramin gaban kantin kifi.
Asabar, Baba yana fushi, shataletale.
Mako uku tana rubutu a kujerar baya ba ta ce uffan ba.
Rannan ta ce, Baba, babu ruwanta da sanyi, babu ruwanta da zafi.
Kullum sai na ji kacau-kacau, sannan ta mutu.

Na dubi gefen gwiwata.

Makulli goma sha bakwai a zobe ɗaya.
Na ƙofar zauren gidanmu na Funtuwa,
wanda aka sayar bayan rabon gado.
Na kwaɗon rumfar mahaifina a layin 'yan auduga.
Ƙaramin nan na akwatin ƙarfen Inna.
Na babur ɗin da na bar wa Sallau, shi ma ya sayar tuni.
Uku kacal ke buɗe wani abu a ƙasar nan.

Tadeusz ya auna su a tafin hannu, ya yi fito.
Ya tayar da injin, ya ɗan kaɗa zoben da yatsa.
Ɗif.
Ya sake. Ɗif.
Ya ce nauyin ne ya cinye cikin makunnin,
in sun yi lilo sai wuta ta yanke.
Bai yi dariya ba. Na ga nasa zoben a ƙugu,
bai fi nawa sauƙi ba.

An sa sabon makunni. Makulli ɗaya tal, kamar maraya.
Mako shida ke nan ba ta tsaya ba.
Sauran na zuba su a gwangwanin madara, saman firji,
Rumasa'u ta rubuta Funtuwa a jiki, ta manta da wasali ɗaya.

Motar ta yi shiru yanzu, shirun ya yi yawa.
In na zo shataletale nakan rage gudu,
in matsa gwiwa can inda suke taɓa ni,
na bayana ya danne oda.